Fulogi Na Huɗu

Duk wanda ya zauna da ni a makarantar nan ya san sunan da 'yan ɗakinmu suka laƙaba mini, wato Tsinke. Ban taɓa son sunan ba, amma kuma ba ni da bakin musu. Tun daga aji ɗaya ni ake sawa a gaban layi, kuma in na ari agogon wani na ɗaura, sai ya zame ya nufi gwiwar hannu. Na fara da wannan ne, ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin labarin da zan ba ku a kan waɗannan siraran hannaye ya rataya.

Mu mutanen Gwiwa ne. Da aka ba da dogon hutu na 2023, sai Inna ta roƙi Baba ya bar ni in je Kazaure wurin wanta, wanda yake da gareji a bakin hanyar nan da ta taso daga Kano, ta bi ta Ɗambatta, ta wuce Daura. Baba bai so ba ko kaɗan. Na farko, damina ce, gona tana neman hannu. Na biyu, a ganinsa gareji matattarar waɗanda boko ya gagara ce, shi kuwa ba don in koma gida da baƙin mai a farce yake sayar da gero yana saya mini littattafai ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin mako huɗu, ba ƙarin ko da kwana ɗaya.

Kawu ya haura shekara sittin. A Kano ya koyi kanikanci tun yana saurayi, zamanin da Peugeot 504 take fitowa sabuwa fil daga kamfanin Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, Volkswagen Beetle kuma, wadda ake ce wa Bitil, tana zuwa daga Legas. Mutum ne marar yawan magana. In ya ce, "Sha biyu," sifana yake nufi, kuma kafin ya rufe baki yana so ya ji ta a tafin hannunsa. A makon farko aikina bai wuce wanke ƙarafa a daro da miƙo sifana da sayo ƙosai ba. A mako na biyu ya ɗora ni a kan fulogin mashina da janareto da injinan ban-ruwa.

Ga wanda bai sani ba, fulogi ɗan abu ne mai kamar tsawon yatsa, rabinsa farin tangaran, rabi ƙarfe, ana murɗa shi a kan kowace silinda ta injin fetur. Fistan ya zuƙo iska da fetur, ya matse su, sai fulogi ya ƙyasta musu wuta, su fashe su tunkuɗa fistan baya. Ƙarfin wutar batirin mota bolt 12 ne kacal, amma koyil yana ɗaga shi har ya haura bolt 20,000, domin tartsatsi ya iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi, wanda bai fi milimita ɗaya ba. In inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa guda. Ni na yi wannan lissafi a bayan wani kwali, na kai wa Kawu ina jin kai. Ya duba, ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba, amma in ɗaya ya ɓace daga cikin ashirin da biyar ɗin nan, kunnensa zai gaya masa.

Shi ya koya mini karanta fuskar fulogi. In bakinsa ruwan ƙasa ne, inji lafiya yake. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa. In baƙi ne mai danshi, baƙin mai yana haurowa inda bai kamata ba. In kuwa ya yi fari fat, zafi ya yi yawa, mai mota ya shiga taitayinsa.

Ranar Laraba ta mako na uku, bayan azahar, sai ga wata mota ja wur ta gangaro garejinmu, yara suna bin ta a guje. Ƙofa biyu gare ta, cikinta kuma kamar zai shafi ƙasa. Kyau dai ba a magana, amma tafiyarta ta marar lafiya ce: tana tari, tana karkarwa, salansa tana warin ɗanyen fetur. Mai ita saurayi ne ɗan asalin Roni da ke aiki a Abuja. Ya zo gida ne zai wuce Babura bikin amininsa, wanda za a fara ranar Alhamis da yamma, a ɗaura aure ranar Juma'a, kuma a motar nan aka shirya ɗaukar ango.

Sunanta Toyota 86, motar gudu ce da kamfanonin Toyota da Subaru na Japan suka haɗa hannu suka fitar a 2012. Babban yaron Kawu ya jona mata wata 'yar na'ura da ke magana da wayarsa, ta nuna silinda biyu suna fashin wuta. Da Kawu ya matsa wa mai motar da tambaya, sai ya amsa cewa tun da ya saye ta a hannu bai taɓa canza fulogi ba, kuma jiya ya sha man galan a bakin hanya.

Aka ɗaga bonet. Kawu ya dube mu, ya ce, "To, wa zai nuna mini fulogi?" Muka leƙa, muka leƙa, ba wanda ya gani. A Golf ɗin haya da muka saba da su, da ka buɗe ga su nan a jere kamar ɗalibai a asambuli. Nan kuwa ko alama. Kawu ya sunkuya ya zura tocila ta gefe, sai na ga ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, "Ashe Bitil ce ta yi kuɗi!"

Abin da yake nufi shi ne, injin kwantacce ne irin na Bitil. Silinda huɗu ne, amma maimakon su tsaya a tsaye, biyu sun kwanta dama, biyu hagu. Masu ƙira sun yi haka ne don nauyin mota ya sauka ƙasa, ta riƙe titi in an sha kwana a guje. Amma duk daɗi da nasa kuɗin. Da yake silinda a kwance suke, fulogi ma a kwance yake, a can ƙuryar rami mai zurfi, bakin ramin kuma yana fuskantar ƙarfen jikin mota. Tsakaninsu bai fi faɗin yatsa uku zuwa huɗu ba. Ƙa'idar kamfani ita ce a kwance ƙafafun inji, a sa jak a ɗaga shi kaɗan, sannan a samu hanya. Kawu ya dubi tsohon jak ɗinmu, ya dubi ƙasar gareji da ruwan jiya ya jiƙa, ya dubi wayoyi da bututan da za su miƙe in inji ya ɗaga, ya girgiza kai. Ya gwada zura hannunsa, ya tsaya a wuyan hannu. Babban yaronsa ya gwada, haka nan. Sai na ga kowa ya juyo yana kallona.

Mai motar ya so a fara nan take. Kawu ya ce sai inji ya huce sarai. Dalili kuwa, kan injin na sanholo ne, irin na tukwanen suya, fulogi kuma baƙin ƙarfe ne. Sanholo ya fi laushi, ya kuma fi saurin kumbura in ya ji zafi. Wanda ya murɗe fulogi daga inji mai zafi yana iya fitowa da haƙoran ramin gaba ɗaya, wato zaren nan da aka sassaƙa a ciki wanda kanikawa ke kira tiredi. Na tuna malaminmu na kimiyya ya taɓa nuna mana ƙwallon ƙarfe da zobe a kan wannan magana ta kumbura, ni kuwa a ranar gyangyaɗi nake yi. Allah ya ba shi haƙuri.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tsohon bargo a gefen motar don kada in goge fenti, na kwanta ruf da ciki, na zura hannu har kafaɗa. Ido ba shi da amfani a wurin, saboda haka na rufe shi. Kawu yana tsaye a kaina yana faɗa, ni ina lalube. Da farko a zare waya, a kwance notin da ke riƙe da koyil, a lallaɓa koyil ɗin ya fito a karkace. Sifanar fulogi ba ta shiga a haɗe, sai dai a haɗa ta a ciki: a tura kan a rami, a bi shi da guntun ƙarfen ƙari, sannan a maƙala mariƙi. Wurin juyawa kuwa bai fi a ji ƙas, ƙas, sau biyu ba, sai a komo. In fulogi ya saki, a sake rarraba sifanar gunduwa-gunduwa, sannan a zura guntun tiyo a cafko shi. Na farko ya ci mini fiye da minti arba'in da fatar bayan yatsu biyu. Kafin a kira magariba huɗun duka suna kan tebur.

Biyu daga ciki sun yi baƙi ƙirin, dukansu kuma bakinsu ya cinye. Na ɗauko burushin waya zan goge kamar yadda nake yi wa na mashin, Kawu ya riƙe hannuna. Waɗannan masu bakin iridiyam ne, tsininsu siriri kamar allura, suna daɗewa ƙwarai, amma ba a kankare su, in sun gaji sai sabo. Ya karanta lambar jikinsu ta waya ga mutuminsa na Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, muka toshe ramukan da tsumma mai tsabta, muka tashi.

Ranar Alhamis sai wajen ƙarfe uku direban da aka ba saƙon ya iso. Kafin in fara, Kawu ya kama kunnena da hannunsa mai kaushi, ya ce, "Ɗan nan, cirewa wasa ne, mayarwa ita ce aiki. Fulogi ba ya son ƙarfi. Ka sa shi a bakin tiyo, ka fara juyawa baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi gaba. In hanyarsa ce, da yatsa biyu zai tafi har ya kusa zama. In ya cije tun da wuri, ba hanyarsa ba ce, ka fito da shi." Hikimar tiyon ita ce, in fulogi ya karkace, roba za ta zame a kansa kafin ya yi ɓarna. Sifana kuwa ba ta san wannan tausayi ba.

Na ɗaya ya shiga, na biyu ya shiga, na uku ya shiga. Kowanne na gama sai Kawu ya ce, "Da yatsa ya shiga?" in ce, "Da yatsa, Kawu." Mutane sun taru. Mai motar yana ɗaukata hoto a waya yana kirana Injiniya. Ni da ban taɓa jin wani suna ba sai Tsinke, kaina ya yi girman da ba zai shiga bonet ɗin ba.

Saura na huɗu, na can baya ta gefen direba, inda sandar sitiyari da bututai suka ƙara matse wurin. Daidai lokacin aka zo aka kira Kawu, wata motar haya cike da fasinja ta mutu kusa da tasha. Ya ce in jira shi. Bai daɗe da tafiya ba hadari ya haɗo daga gabas. Wayar mai motar sai ƙara take yi, abokan ango suna tambayar inda yake. Ya matso kusa da ni, ya ce, "Haba Injiniya, guda ɗaya tak za mu zauna jira? Gama mini kafin ƙarfe biyar, naira dubu biyar taka ce."

Na zura hannu. Tiyo ya zame sau ɗaya, ya zame sau biyu. Maimakon in gane abin da yake gaya mini, sai na ce tiyon ne ya tsufa. Na jefar da shi, na sa fulogin a kan sifana, na tura. Juyi biyu, ya cije. Na maƙala mariƙi na ja. Ya tafi rabin juyi, amma da wani irin laushi mai gurzawa, kamar mutum ya tauna tsakuwa a cikin tuwo. Nan take gumi mai sanyi ya keto mini.

Ba wanda ya gani. Ba ma wanda zai iya gani, domin a duk garejin hannuna kaɗai ke zuwa wurin. Zuciya ta ce mini, ƙara ja, zai zauna, mota za ta tashi, mutumin zai tafi da murna, kai kuma ka tashi da dubu biyar. Kuma gaskiya ne, da ta tashi. Sai dai bayan kwana uku ko mako uku, wataƙila a dajin da ke tsakanin Kaduna da Abuja, matsin da ke cikin silinda zai tofo fulogin waje da sauran haƙoran ramin. Daga nan sai a sauke inji, kuɗin kuwa ko an sayar da geron gonarmu na bana ba zai biya ba. Na yi kamar minti guda hannuna a ciki ban motsa ba. Zan so in ce muku tsabar kirki ne ya hana ni, amma ba zan yi ƙarya a mujallar makaranta ba. Abin da na tuna shi ne Kawu zai dawo ya ce, "Da yatsa ya shiga?" kuma ban san yadda zan dubi idonsa in ce i ba.

Na warware shi a hankali na fito da shi. A haƙoransa na farko ga ɗan garin sanholo yana ƙyalli.

Da Kawu ya dawo ban ce komai ba, na miƙa masa. Ya ɗaga shi sama, ya kankara da farce, ya ce, "Juyi nawa?" Na ce, "Biyu da hannu, rabi da mariƙi." Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Da ma ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya juya wurin mai motar, ya ce, "Yallaɓai, motarka za ta kwana. Mun yi ɓarna, mun ji wa bakin rami ɗaya ciwo." Mun yi, ya ce, bai ce yaro ya yi ba.

Abin da mutumin ya faɗa ba zai rubutu a nan ba. Ya ce ta yaya za a ba jariri motar da ta fi garejin da duk abin da ke cikinsa tsada, ya ambaci 'yan sanda, ya manta sarai da maganar dubu biyar da ƙarfe biyar. Kawu ya bar shi ya gama, ya ce, "Kana da gaskiya. In bai gyaru ba, zan sayar da abin da zan sayar in biya." Ruwa ya sauko. A ƙarshe a Golf ɗin haya ya tafi Babura, su huɗu a kujerar baya, da babbar rigarsa a cikin leda. Daren nan matar Kawu ta yi juyin duniya in ci tuwo, na kasa.

Ranar Juma'a daga sallar asuba muka wuce gareji. Kawu ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin fulogin, ya wanke shi tas, ya karya ɗan ƙugiyar bakinsa, ya matse shi a bais, ya sa zarto ya yi masa tsaga uku a tsaye a kan haƙoran. Ya cika tsagogin da giris. Ya ce wannan zai bi tsohuwar hanya ya miƙar da haƙoran da suka lanƙwashe, giris kuma zai kama garin ƙarfen don kada ya zuba cikin silinda. Amma fa sai an kama hanyar asali. In aka sake bin karkatacciyar, magana ta ƙare.

Na ja da baya ina jiran in ga wanda zai yi. Kawu ya miƙo mini, ya ce, "Hannun wa zai shiga?"

Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya juya wa motar baya, ya ce in riƙa gaya masa abin da yatsuna suke ji. Na juya baya, na juya baya, har na ji ya faɗa. Rabin juyi gaba, kwata baya. Na ce ya yi tauri. Ya ce, "Taurin tsakuwa ko taurin laka?" Na ce na laka. Ya ce, "Ci gaba." Bayan kowane juyi biyu sai in fito da shi, a goge, a sake giris, in koma. Sau shida muka yi haka, ba sifana, sai yatsa da guntun ƙarfen ƙari. Hannuna ya yi sanyi ya mutu, na fito na yarfe, na koma. A na bakwai sai na ji ya wuce wurin ciwon ya tafi sumul. Muka share ramin, muka ɗan juya injin da ramin a buɗe don ya huro abin da ya saura. Sannan na ɗauko tiyon nan da na jefar, na sa sabon fulogi, ina juyawa ina ƙirgawa da ƙarfi har na wuce sha biyar kafin ya zauna. Kawu bai juyo ba. Ya ce, "Da yatsa ya shiga?" Muryata ta ƙi fita, sai babban yaronsa ne ya amsa mini.

Da aka tayar da ita, karkarwar nan ta tafi. Kawu ya dafa injin da tafin hannu ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce in shiga. Muka zagaya ta bakin dam muka dawo, shi da hularsa tana gogar rufi, yana ta mitar cewa wannan ba mota ba ce, tabarma ce mai taya.

Mai ita ya dawo ranar Asabar, ya huce. Kawu ya sake gaya masa komai, ya ce haƙora biyu na farko sun ji ciwo amma sauran sun riƙe, kuma duk wanda zai canza masa fulogi nan gaba ya faɗa masa ya lallaɓa na bayan nan. Kuɗin aikin fulogi uku ya karɓa, ya ƙi karɓar na huɗun. Mutumin ya tsaya ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya shiga motarsa. Bai ce Injiniya ba, ni ma ban sa rai ba.

Da mako huɗu suka cika, Kawu ya ba ni kuɗin mota da fulogin nan mai tsaga uku. Yana cikin akwatina a ɗakin kwana, wanda ke son gani ya zo. Na isa Gwiwa da yamma. Baba ya kama hannuna ya juya shi, ya dubi tabon da ke bayan yatsuna da baƙin da ya ƙi fita daga farce. Na ba shi labari tun daga farko, har da dubu biyar ɗin, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, bai ce uffan ba, ya tashi ya shiga ciki.

Washegari da na dawo daga masallaci, sai na tarar da mashin ɗinsa a jingine a ƙofar ɗakina. Yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, ko dubana bai yi ba. Ya ce, "Tun shekaranjiya ya ƙi tashi."